Damin Iri Na Uku

Bana bazara ta yi tsawo. Hadari yakan taso daga gabas da la'asar, ya yi baƙi har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta bi ta watse shi, a kwana cikin gumi. A irin wannan yammacin ne 'yata Saratu, wadda ke koyarwa a wata firamare a Boɗinga, ta shigo da jakarta a kafaɗa, ta ce in ɗibar mata gero daga irin da na ajiye na shuka. Wai an tara su kwas na mako biyu, ana koya musu yadda za su koyar da kimiyya da fasaha da ƙere-ƙere da lissafi ba tare da sun fara da rubutu a allo ba. Za a fara da wata matsala ta gida, a sa yara su nemo maganinta da kansu. Rukuninsu zai gwada tsiron iri.

"Sabuwar hanya ta, Baba," in ji ta. "Yanzu anka kawo ta."

Sabuwa, wai. Na dube ta na haɗe rai. Ita ba ta yi mini laifin komai ba, hanyar ma ba ta da laifi. Ni ne na taɓa zama a irin wannan kwas, a wannan garin, tun ba a haife ta ba.

Shekarar zaɓe ce a jamhuriya ta biyu, lokacin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Mu dai ba mu da abin tsukewa, amma mun ji a rediyo. Sabulu da sukari da madara suka ɓace daga kantuna. Damunar da ta gabata ta ɗauke tun gero yana bununi, don haka kafin bazara ta raba, rumbunan Mandera, garinmu, sun koma ɗakin ɓeraye, ɓerayen ma sun rame. Ga shi azumi ya faɗo a tsakiyar zafi.

Na san yadda yinin gidanmu yake a watan nan kamar yadda na san tafin hannuna. Bayan sallar asuba Inna takan bi mata zuwa rijiya, inda aka ƙara wa igiyar guga tsawo da tsofaffin zannuwa. Ruwan yakan fito ja, a zuba a randa a jira ya kwanta. Da hantsi ta fita neman yaɗiya a gefen gonaki. Da rana babu mai motsi, kowa ya lafe inda ya sami inuwa, leɓe ya bushe har ya tsage. Buɗa baki kwaɗon yaɗiya ne da ɗan ƙuli-ƙuli, sai garin rogo in an samu. Sahur kuwa kunun dusa da tsamiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun unguwa. Garin da kullum kake jin taɓarya tun daga bakin hanya, ka shiga ka fita ba ka ji ana daka a gida ko ɗaya ba.

Duk da haka akwai gero a gidanmu. Dami uku ne, a rataye can saman rumbu, an barbaɗa musu toka an cusa ganyen dogon yaro. Damman iri ke nan. Kowace kaka, kafin a ɗaure komai, Baba yakan bi gona shi kaɗai yana zaɓen zangarniya mafi tsawo da cika, ya ɗaure su daban. Haka mahaifinsa ya yi, kuma daga hannunsa ya karɓi wannan irin. 'Ya'yan yayana suna kuka da yunwa, Inna ta ɗaga kai ta dubi rumbu, Baba ya ce mata, "Iri ba abinci ba na." Ba ta sake ɗaga kai ba.

A cikin wannan hali aka kawo sabon iri. Wani Alhaji mai kwangila, wanda yake cikin hidimar zaɓe dumu-dumu, shi ya kawo buhuna aka raba gida-gida ta hannun masu unguwanni. An ce ba ya son ruwa da yawa, kuma yana nuna da wuri. An shafe shi da wani jan magani, ko kaza ba ta isa ta ci ba. Baba ya karɓi rabonsa, ya shinshina, ya ajiye a zaure.

Ni a lokacin ƙaramin malami ne, shekarata uku ina koyarwa a Kajiji, kuma babu abin da nake so a duniya kamar a mayar da ni makarantar cikin garin Shagari. Da aka rufe makarantu saboda azumi, sai aka kira mu kwas a Boɗinga, aka kuma raɗa mana cewa masu takardar shaidar wannan kwas su za a fara dubawa wajen canjin wurin aiki. Ban tsaya tambayar abin da za a koya ba.

Wanda ya koyar da mu sunansa Malam Haliru, wani siririn mutum daga Sakkwato, mai tabarau da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da zare. Ranar farko ya shigo aji, ya ɗaga allo ya juya fuskarsa ga bango. Mu da muka saba a rubuta mu kwafa, mu je mu sa yara su rera har su haddace, sai muka zauna da biro a hannu kamar an ƙwace mana sanda.

"Kowa shi hwaɗa min abin da ka damun garinsu," in ji shi. "Nan kimiyya take, nan lissahi yake. In yaro ya auna da hannunai, ya ƙirga da idonai, babu mai ƙara ruɗin shi."

Aka kasa mu rukuni-rukuni. Wasu suka ɗauki wahalar jan guga, suka shiga haɗa abin ja da ƙarfen tsohon keke. Wasu suka ɗauki ruɓewar albasa a wurin ajiya. Ni na kawo maganar iri: ga tsoho, ga sabo, wanne manomi zai dogara da shi? Malam Haliru ya cire tabarau ya goge, ya ce wannan tambaya ta fi duk abin da ke cikin littafin aji shida.

Ranar Juma'a na je gida na roƙi Baba zangarniya ɗaya. Daga baya ya hau rumbu da kansa ya zaro ta, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Guda ɗaya ta," in ji shi. "Kuma ka maido min labari."

Aikin ba shi da wuya. Faranti biyu na tasa, yashi daga busasshen rafi, ƙwaya ashirin a kowanne, a binne su, a yayyafa ruwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ruwan daga butocin alwalarmu muke ragewa, kowa ya ba da kaɗan. A kowane faranti muka soka tsinke da 'yar takarda: wannan tsohon iri, wannan sabo. Kullum da safe mu buɗe mu ƙirga mu rubuta. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa jin daɗin karatu kamar na waɗannan kwanaki ba, da yunwar da ƙishirwar duka.

A kwana na huɗu farantin Baba ya cika da tsiro kore shar, goma sha takwas cikin ashirin. Na jan iri uku kawai suka leƙo. Malam Haliru ya ce kada mu yi saurin yanke hukunci, a sake. Muka sake, aka sami huɗu. Sauran in ka tona sai ka tarar sun kumbura sun ruɓe, suna wari. Ya ce ko dai irin ya tsufa, ko ya sha zafi a ma'aji har ya mutu. Ya ce dole manoma su ji kafin ruwa ya sauka, kuma tun da an gayyaci dattawan ƙauyuka bikin rufe kwas, a nan za a nuna musu da idonsu.

Mai kula da kwas ɗin wani sufeton makarantu ne, Sufeto Garba, mai babbar riga da turare wanda kake jin sa kafin ka gan shi. Babban baƙon bikin kuwa Alhajin nan ne mai iri. Shi ne ma ya ba da shinkafar da muke buɗa baki da ita tun farkon kwas. Ana gobe biki, Sufeto ya tura Malam Haliru Sakkwato, wai ya karɓo takardun shaidarmu. Da azahar, sauran malamai sun baje a masallaci suna barcin wahala, ya aiko a kira ni ajin da farantan suke.

"Lawali, shekara nawa kake Kajiji yanzu?"

"Ukku, ranka shi daɗe."

"Ukku. Wurin da nisa ƙwarai." Ya dubi farantan yana toshe hanci da gefen riga. "Gobe Alhaji na zakuwa. Mutum ya ciyar da ku sati biyu, sa'annan ku aza mai ruɓaɓɓen hwaranti gaban jama'a? Wanga ba tarbiyya ba ta. Takardun ga biyu kaɗai za ka musanya. In an watse a gyara, a rubuta rahoto a kai sama."

"Ranka shi daɗe, manoma hwa?"

"Manomi ya san irinai tun ba a haihe ka ba. Wa ka jin maganar hwaranti?"

Bai yi mini tsawa ba, bai yi mini barazana ba. Da ya yi, da yau ina da abin faɗa wa kaina. Ya fita ya bar ni da ƙamshin turarensa da warin ruɓaɓɓen gero. Na zare tsinke daga nan na soka can, na zare na can na soka nan. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba, kuma da azumi a bakina na yi shi.

Bikin nan har yau in na tuna shi sai na ji kamar in tofar da yawu. An kwaso dattawa daga Mandera da Dandin Mahe da sauran ƙauyuka a bayan babbar mota tun da safe, aka jera su a rana, manya kuwa suna ƙarƙashin rumfa. Alhaji bai iso ba sai bayan azahar, maroƙi na gaba yana wasa shi. Aka yi jawabi a kan jawabi game da ci gaban kimiyya. Abin jan gugan da abokanmu suka sha wahalar haɗawa aka ɗora shi a kan ganga wadda babu ko ɗigon ruwa a ciki, aka ja guga fayau, aka tafa. Sannan aka zo kan teburina. Alhaji ya ɗaga farantin mai tsiro sama yana juyawa da shi, Sufeto yana karanta takardar da ƙarfi: sabon iri.

Ban san Baba yana cikin motar ba sai da na ga yana ratso mutane, da tsohuwar rigarsa ta Juma'a. Ba ya karatun boko, don haka bai dubi takarda ba. Ni ya duba.

"Lawali, wanga na jan irin da anka ba mu?"

Sufeto yana gefena, Alhaji yana murmushi, dattawan garinmu suna jira.

"Shi na, Baba."

Ya sa babban yatsa ya shafa tsiron a hankali. Sannan ya juya ga ɗaya farantin, mai tsiro huɗu da wari.

"Wancan hwa?"

"Naka na."

Ya daɗe yana kallonsa. "Ashe ya mutu," in ji shi, ba da ƙarfi ba. Ya goge yatsansa a riga ya koma cikin mutane.

Na ce wa kaina da an tashi zan ja shi gefe in gaya masa. Amma aka ce malamai su yi layi a ba su takardun shaida, waɗanda ashe suna cikin akwatin motar Sufeto tun farko. Ina cikin layin motar dattawa ta tashi. Na ji tashinta sarai, kuma ban fita daga layin ba.

Malam Haliru ya dawo da la'asar sakaliya, hannu wofi, rigarsa ta jiƙe da gumi. An gaya masa yadda biki ya yi kyau. Ya wuce ajin, na bi shi. Ya ɗaga farantin mai tsiro ya leƙa ƙarƙashinsa. Ashe tun ranar farko ya karce gindin farantin Baba da ƙusa, saboda ya ce takarda iska ma tana iya ɗauke ta. Ya ajiye farantin ya dube ni ta saman tabarau.

"Babanka ya zaka?"

"Ya zaka, Malam."

"To ka tahi gida yau. Ba gobe ba."

Ban tafi ba. Na ce akwai bencina da za a mayar, na ce babu mota, na ce zafi ya yi yawa ga mai azumi. Gaskiyar ita ce ban san da wane baki zan ce masa na yi masa ƙarya a gaban mutanen garinsa ba. Sai rana ta uku na kama hanya.

Tun daga bakin gari na ji daka. Taɓarya biyu suna amsa wa juna, kuma daga gidanmu sautin yake fitowa. Na shiga na tarar da Inna da matar yayana a kan turmi, fuskar Inna a sake kamar ranar salla. Dami biyu sun riga sun tafi, domin ba a yin tuwo a shekarar yunwa a ci a ɓoye, sai da aka aika wa maƙwabta kwano-kwano. Na ukun yana jingine da rumbu, ko igiyarsa ba a kwance ba.

"Tun da ba shi tsira, gara yara su ci," in ji Baba. "Allah shi yi ma albarka da kag gwada muna. Da mun zuba shi ƙasa banza."

Na zauna a tabarma ina fuskantar damin nan. Dami ɗaya ya isa ya shuke babbar gonarmu. Magana ɗaya ce tsakanina da shi, kuma ina da yammaci guda cur na faɗe ta. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, in za a shuka jan ga, a riƙa zuba shi da yawa cikin rami."

"Don mi? Ba kai kac ce shi na mai kyau ba?"

"Haka anka ce muna wurin kwas."

Aka kira magariba, aka kawo tuwo da miyar kuka, yana tururi. Kafin kwanakin nan, wata biyu rabon gidan da tuwon gero. Na sa hannu na ci, na ƙoshi, har na ƙara. Washegari da hantsi aka kwance na ukun aka sussuke.

Ruwa ya sauka a goman ƙarshe na azumi, da rana tsaka, mai ƙarfi, har ya cika kwatami. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, mutane suka tsaya a cikinsa ba su nemi mafaka ba. Da gari ya waye kowa ya fita. Maza a gaba da sungumi suna sara, mata a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Muka yi kwana biyu muna shuka, hannuwanmu suka rine ja da maganin nan. Baba yana ta sa albarka, ni kuma ina bin bayansa ina ƙara ƙwaya a ramuka in ya juya baya.

Bayan mako guda gonakin waɗanda suka riƙe tsohon irinsu suka yi layi-layi kore. Tamu kuwa tsiro ɗaya nan, sai ka yi taku goma kafin ka ga wani. Ba mu kaɗai ba ne, domin dattawa da yawa sun ga farantin nan. Na ji daga baya cewa Malam Haliru ya bi wasu ƙauyuka a kan keke yana gaya wa mutane, amma bakin mutum ɗaya bai isa ya ƙaryata abin da jama'a suka gani a gaban manya ba.

Wata safiya Baba ya ce in raka shi gona. Muka je tsakiyarta ya tsuguna, ya tona rami da yatsa, ya fito da ƙwayoyin sun kumbura sun yi baƙi. Ya kamo hannuna ya zuba mini su a tafi. Warin da na sani ne, na ajin Boɗinga.

"Hwarantin nan mai tsiro," in ji shi, "nawa na ko?"

Na ce, "Naka na, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Tun ranan nan nig ga ganyen ya yi min kama da nawa. Shekara hamsin ina ganin shi. Amma nic ce ɗana malami na, kuma da azumi bakinai."

Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ranar ko bayanta, har ya bar duniya. Ya bi gida-gida har Dandin Mahe yana neman ragowar iri, ya samo kaɗan, aka sake shuka a makare, damuna kuma ta sake ɗaukewa da wuri. Da rani ya sayar da jakinsa, ya tafi ci-rani kudu da furfurarsa. Ni kuwa kafin shekara ta zagayo aka mayar da ni makarantar cikin garin Shagari. Takardar shaidar tana nan a akwati, ban taɓa rataye ta ba.

Na tashi na shiga ɗaki na ɗebo wa Saratu geron a kwano. Na laluba bakin taga na samo tsohuwar ƙusa na ɗora a kai, na ce ta karce gindin kowane faranti da hannunta, kuma ranar rufe kwas kada ta bari a aike ta ko'ina. Ta yi dariya, ta ce yanzu a waya suke ɗaukar hoton komai. Ta zuba ƙwayoyin a tafinta tana juya su da yatsa.

"Irin kakanmu na wanga, Baba? In gaya musu ya yi shekara ɗari gidanmu."

"A'a," na ce. "Na kasuwa na."

"To na kakanmu hwa?"

A waje hadarin ya sake watsewa. Na jawo mata tabarma na ce ta ajiye jakar ta zauna.

"Na kakanku," na ce, "ni nic cinye shi."